Darasi: Taitus, Kifin Tekun Sanyi a Kasuwar Ƙauran Namoda

Da zarar kaka ta wuce, Gulbin Gagare da ya ratsa ta Ƙauran Namoda sai ya fara ja da baya, kafin tsakiyar rani ya koma yashi da 'yan kududdufai. Haka Gulbin Bunsuru yake yi a ɓangaren Zurmi da Shinkafi. Masunta sukan rataye komarsu su jira ruwa, ko su nufi madatsar Bakolori. Amma duk da haka ɗanyen kifi ba ya yankewa a kasuwa. Ko a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mai cefane zai tarar da kifin ƙanƙara jere a kan tebur, kuma wanda aka fi tambaya a cikinsu shi ne taitus, wanda Turawa ke kira makarel.

Kifin nan bai taɓa shan ruwan gulbi ba. Gidansa arewacin Tekun Atlantika, tsakanin Norway da Iceland da tsibiran Faro da Sukotland da Ayaland, inda ruwa ke da sanyin da ɗan Adam ba zai daɗe a ciki ba. Daga can ake daskarar da shi, a ɗuro shi a jirgin ruwa zuwa tashar Apapa ko Tin Kan a Legas, sannan ya hau mota ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya iso arewacin Zamfara. Wannan darasi zai bi halittarsa, da amfaninsa ga jiki, da kuma inda haɗarinsa yake. Dukkan ukun daga tushe ɗaya suke fitowa.

Halittar da ba ta san hutu ba

Yawancin kifaye suna da wata jakar iska a cikin cikinsu, wadda ke riƙe su a tsakiyar ruwa ko da ba sa motsi. Duk wanda ya taɓa gyaran karfasa ya san farar jakar nan. Taitus na gaske ba shi da ita. Ya fi ruwa nauyi, saboda haka in ya tsaya sai ya fara nutsewa. Tun daga ƙuruciyarsa har mutuwarsa iyo yake yi, dare da rana, sau da yawa baki a buɗe domin ruwa ya riƙa ratsa jajayen sassan nan na ƙarƙashin murfin kansa da yake numfashi da su.

Jikinsa duka an shirya shi ne don gudu. Siriri ne ta gaba da ta baya, ɓawon jikinsa ƙanana ne ƙwarai har hannu yana jin santsi, wutsiyarsa a tsage take gida biyu, kuma kafin wutsiyar akwai ƙananan fikafikai biyar-biyar a sama da ƙasa. In ya tsorata yana iya fizga da gudun kusan kilomita 20 a awa. Ɗan uwansa na jini shi ne tuna, babban kifin nan na gwangwani. Tsawon wanda ake kawowa kasuwa yakan kai santimita 30 zuwa 40, ko da yake akan sami mai kai 60. Yana balaga a shekara biyu zuwa uku, kuma in taru bai same shi ba yana iya haura shekara 15.

Mai irin wannan aiki yana bukatar nama na daban. In aka yanka taitus za a ga wani jan nama mai duhu ya bi gefen jikinsa tun daga kai har wutsiya. Wannan shi ne naman da ke yin iyon yau da kullum. Cike yake da jini da ƙarfe da mai. Farin naman kuwa na fizgar gaggawa ne. A riƙe wannan jan naman a zuciya, domin za a sake komowa kansa.

Yana yawo ne cikin garke mai ɗimbin yawa, wani lokaci tsawon garken ya kai kilomitoci. Daga ƙarshen hunturun can zuwa farkon bazararsu yakan taru a yammacin Ayaland har zuwa gaɓar Faransa da Sifen don yin ƙwai. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubu ɗaruruwa, kowane da ɗigon mai a cikinsa da ke sa shi yawo a saman ruwa. Bayan haihuwa kifin yakan rame, man jikinsa ya sauka zuwa kusan kashi 5 cikin 100. Sai ya nausa arewa kiwo, yana cin ƙananan halittun ruwa masu kama da jatan lande da 'yan mitsi-mitsin kifaye. Zuwa watan Satumba da Oktoba man jikinsa yana iya kai kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Shi ya sa uwargida kan sayi taitus yau ta ga yana fitar da mai a kasko har ba ta bukatar ƙara man gyaɗa, wani makon ta saya a wurin mutum ɗaya ta ji shi garau kamar ba shi ba. Ba lallai mai kifi ne ya cuce ta ba. Watan da aka kama kifin ne ya bambanta.

Akwai kuma 'yan uwansa da ake sayarwa da sunansa. Na gaske yana da zane-zane baƙaƙe masu lanƙwasa a kan shuɗin baya mai ratsin kore, cikinsa kuwa fari fat ba ɗigo. Wanda ake kamawa a tekun Maroko da Muritaniya idonsa ya fi girma, zanensa bai kai na wancan fitowa ba, cikinsa na da ɗige-ɗige masu duhu, kuma shi yana da jakar iska. Kote kuwa ba danginsu ba ne. Ana gane shi da layin ɓawo mai kaushi da ya bi gefensa zuwa wutsiya. Duka ana ci, duka suna da amfani, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin abin da ya biya.

Dalilin tsadarsa

Alƙaluman da ma'aikatar noma ta tarayya ta sha bayarwa suna cewa Nijeriya na bukatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da ake kamawa da wanda ake kiwo a gida bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Kifin ƙanƙara ne ke toshe wani ɓangare na giɓin, kuma da dala ake sayo shi. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da kayayyaki 41 samun dala a farashin hukuma, ciki har da kifi da kifin gwangwani. An ɗage wannan a watan Oktoban 2023, amma a lokacin naira ta riga ta faɗi bayan sakinta da aka yi a watan Yunin shekarar. Ga tsadar man dizal na motar sanyi da na janareta, ga rashin tsaron hanyar Gusau zuwa Ƙaura zuwa Shinkafi da ke tilasta wa direbobi jiran gari ya waye.

A can tekun ma akwai rikici. Wajen shekarar 2007 garken kifin ya fara kutsawa ruwan Iceland da yawa, sai ƙasashen yankin suka kasa daidaitawa a kan rabon kamu, kowa ya yanka wa kansa kaso. Shekara da shekaru ana kamun abin da ya zarce shawarar masana. A watan Satumban 2025 majalisar masanan teku ta ICES, mai hedikwata a Kopenhagen, ta ba da shawarar a rage kamun 2026 da kusan kashi 70 cikin 100. Kifin da a da ake wa kallon naman talaka yanzu gunduwa-gunduwa ake sayensa, kuma babu alamar zai koma araha nan kusa.

Abin da jiki ke samu

Giram 100 na ɗanyen taitus, wato gunduwa ɗaya madaidaiciya, yana ɗauke da kusan giram 19 na furotin, sinadarin da ke gina tsoka da jini, da kusan giram 14 na mai. Bitamin B12 da ke cikinsa ya ninka abin da babba ke bukata a yini sau uku. Rashin wannan bitamin na kawo ƙarancin jini da mutuwar jiki da jin tafiyar kiyashi a ƙafa, kuma ba a samunsa a gero ko dawa ko wake. Yana cikin 'yan tsirarun abinci masu bitamin D da yawa. Akwai kuma ƙarfe da seleniyam.

Amma abin da ya ɗaga sunansa a duniya man jikinsa ne. Ba irin kitsen sa ko na rago ba ne mai daskarewa. Kifin da ke rayuwa a ruwan sanyi yana bukatar man da ba ya sandarewa, kuma irin wannan man ake kira omega-3. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu 'yan Denmak, Hans Olaf Bang da Jorn Dyerberg, suka yi bincike a kan jinin mutanen Girinland masu rayuwa a kan kifi da dabbobin teku, kuma daga nan hankalin masana ya koma kan wannan mai. An tabbatar yana rage wani nau'in maiƙo a cikin jini, yana kuma cikin abubuwan da ƙwaƙwalwa da idon jariri ke ginuwa da su tun yana ciki. Gunduwa ɗaya tana ba da fiye da giram 2. Don haka hukumomin lafiya da dama ke ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako. Kada a ɗauki wannan a matsayin magani: mai hawan jini da ya ajiye ƙwayarsa ya koma cin kifi ya yi wa kansa illa.

A wannan yanki maganar ta fi shafar yara. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta jihar Zamfara suka auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka sami kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa. Gunduwar kifi ba za ta magance rashin noma da gudun hijira ba. Amma a gidan da aka samu aka saya, akwai tambayar wa zai ci. Al'adar da ke kai tsoka kwanon maigida, a bar wa yaro romo, ta juya lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga wata shida zuwa wata 23 ya kamata ya sami nama ko kifi ko ƙwai kullum tare da nonon uwa. Taitus ya dace da wannan domin ƙayoyinsa manya ne, ba su da wuyar cirewa. A dafa shi sosai, a murmushe da yatsa ana laluben ƙaya, a zuba cokali ɗaya ko biyu a cikin faten wake ko tuwo mai laushi da miyar kuka.

Mai juna biyu ma tana iya ci. Mutanen Zamfara sun san illar ƙarfe mai guba tun annobar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, don haka in sun ji ana maganar gubar makuri a kifin teku ba za a ga laifinsu ba in suka tsorata. Makuri yana taruwa ne a manyan kifaye masu cin 'yan uwansu shekara da shekaru. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa taitus na Atlantika cikin kifayen da suka fi ƙarancinsa. Wanda ta hana masu ciki wani babban ɗan uwansa ne na tekun zafi, mai wuce mita ɗaya, kuma ba shi ake kawowa cikin kwali ba.

Maganar cewa haɗa kifi da nono na kawo kuturta kuwa ba ta da tushe. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana kuma warkar da ita da magani a asibiti.

Inda haɗarin yake

A koma kan jan naman nan. Yana ɗauke da wani sinadari mai suna histidin, wanda ba ya cutar da kowa. Amma a fatar kifin da hanjinsa akwai ƙwayoyin bakteriya da ke juya histidin ya zama histamin. A ƙasa da digiri 4 aikinsu yana tafiya a hankali ƙwarai, a cikin ƙanƙara kuwa ya tsaya cak. Da zarar kifi ya ɗumama sai su farka, kuma a zafin Ƙaura na bazara awanni kaɗan sun ishe su.

Histamin shi ne abin da jiki ke fitarwa lokacin borin jini. Wanda ya ci kifin da ya tara shi yakan fara jin alama cikin mintoci, ko awa ɗaya zuwa biyu: raɗaɗi a baki kamar an sa barkono alhali ba a sa ba, zafi da ja a fuska da wuya, ƙaiƙayi, ciwon kai mai sara, bugun zuciya, wani lokaci amai da gudawa. Yawanci yana lafawa cikin yini guda, kuma maganin borin jini irin Piriton na taimakawa in ma'aikacin lafiya ya ba da shi. Amma in numfashi ya fara sarƙewa, ko leɓe da harshe suka kumbura, ko jiri ya kayar da mutum, asibiti za a nufa nan take, musamman mai asma da tsoho da ƙaramin yaro. Mutane da yawa da wannan ya taɓa samu sukan yanke cewa jininsu bai haɗu da kifi ba, su daina ci har abada. In mutum uku ko huɗu suka ci kwano ɗaya duka suka kamu, laifin na kifin ranar ne.

Abu biyu ne suka sa wannan guba ta fi sauran wuya. Na farko, wuta ba ta kashe ta. Suya da dahuwa da banda suna kashe bakteriya, amma histamin da ya riga ya taru yana nan daram. Mayar da kifin firiza ma ba ya cire shi. Na biyu, kifi na iya tara shi ba tare da ya yi wari ba. Hanci yana kama ruɓaɓɓe, ba ya kama wannan. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce kada ya wuce miligiram 200 a kilo ɗaya, amma babu mai na'urar aunawa a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya san tarihin sanyin kifin.

Tarihin yana farawa da kyau. Manyan jirage suna zuƙo kifin daga taru kai tsaye zuwa tankunan ruwan teku mai sanyin ƙanƙara, a daskarar da shi da kansa da hanjinsa, a shirya shi a kwali mai nauyin kilo 20. Ƙa'ida ita ce ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifili har ya isa hannun mai dafawa. Matsalar tana ƙarshen tafiya: direban da ya kashe na'urar sanyi don ya rage shan mai, ɗakin sanyin da aka ɗauke wa wuta janareta kuma ba mai, ɗan kasuwar da ya baje kwali guda a rana tun hantsi, abin da ya yi kwantai ya mayar firiza ya sake fito da shi gobe. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne muni, domin kifin yana fitowa da tauri kamar sabo.

Duk da haka yana barin alama. Kifin da ya narke aka sake daskarar da shi yakan lanƙwashe ko ya manne da ɗan uwansa, a ga daskararren ruwa mai jini a gindin kwali, kwalin kansa ya nuna tabon jiƙa. Idonsa yakan faɗa ciki ya yi fari. In an ɗaga murfin kai za a ga ja ya koma ruwan ƙasa da yauƙi. In an danna shi da yatsa bayan ya saki, gurbin yatsar ba ya cikowa. Fasasshen ciki alama ce cewa ruwan narkar da abinci na hanjinsa ya fara cin namansa. Rawaya-rawaya a gefen ciki kuwa man ne iska ta lalata. Irin wannan yana ɗaci da maƙaƙi a maƙogwaro, kuma amfanin man ya ragu. Ko a firiza mai aiki kifi mai mai watanni kaɗan yake yi kafin wannan ya fara.

Daga kasuwa zuwa tukunya

Kifi shi ne ƙarshen cefane, kuma farkon abin da za a gyara in an isa gida. A sayi wanda ya fito daga firiza ko kula da taurinsa, a gaban ido. Kada a shanya shi a rana don ya saki, kada kuma a zuba masa ruwan zafi. A ƙulle shi a leda a tsoma a ruwan randa, kuma da zarar wuƙa ta fara shiga a cire hanji da jajayen sassan kai, a kankare baƙin jinin da ke jikin ƙashin baya, a wanke, a ɗora. Lemun tsami yana rage ƙarni, amma ba ya gyara kifin da ya lalace. Wani lokaci akan ga siririyar farar tsutsa a naɗe cikin hanjinsa. Ta teku ce, daskarewa ta riga ta kashe ta, dahuwa kuma ta ƙarasa.

Kifin da ke da mansa ba ya bukatar a nutsar da shi a mai. Gashi, ko farfesu, ko a jefa shi cikin miyar dage-dage ko dafa-duka dab da saukewa, sun fi riƙe amfaninsa fiye da suya har ya ƙone, balle a man da aka yi ta maimaitawa ya yi baƙi. Mai yin banda ya yi da itace mai kyau, ban da roba, leda ko katako mai fenti. Soyayyen da ake tallansa da yamma yana da tambaya ɗaya da mai saye ba ya iya ganin amsarta: a wane hali yake kafin ya shiga kasko? A nan sanin mai sana'a ya fi kallon kaya.

Na gwangwani, irin Geisha, ya tsira daga matsalar ɗaukewar wutar lantarki tun da an dafa shi a rufe. Ƙashinsa ya yi laushi ana iya taunawa, kuma yana ba da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna ƙarancin kalsiyam ne babban abin da ke lanƙwasa ƙafafun yara a can. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko yake yoyo, a jefar ba tare da an ɗanɗana ba. In an buɗe kuma a cinye a lokacin. Mai hawan jini ya tuna akwai gishiri a ciki.

Ranar da taitus ɗin kasuwa ya nuna alamar shakka, tarwaɗa mai rai da aka yanka a gaban mutum ta fi shi, haka ma busassun ƙananan kifi da ake dakawa da ƙashinsu a zuba a miya. Shawa kuma tana da irin wannan man a farashi mai sauƙi, sai dai ƙayarta na da yawa, ita ma tana tara histamin in ta sha zafi.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu gida uku ranar kasuwa. Rukunin farko su duba kifi a tebur uku, su rubuta wanda suka gane taitus ne na gaske, wanda ke da ɗige a ciki, da kote. Na biyu su tambayi mai kifi, cikin ladabi kuma ba lokacin da ciniki ya yi masa yawa ba, daga wane gari kwalinsa ke zuwa, awa nawa yake yi a hanya, da yadda yake yi da abin da ya kwana. Na uku su lissafa kuɗin giram 100 na taitus da na kote da na tarwaɗa da na ƙwai biyu, su kawo wa aji wanda ya fi dacewa da gidan da ke da yaro ɗan wata takwas.